Wutsiyar Ƙungiyar Feda Bakwai

Ƙafar gaban keken tana hannun Injiniya lokacin da Tela ya leƙo ta ƙofar gidan, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Sufana na yashe a ƙasa, keken ya durƙusa a tsakar gida, mai shi kuma yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da bargo a kafaɗa, yana faɗa iya ƙarfin da ya rage masa.

"Mayar min da ita! Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

"Baba, likita ya ce ko matakala kada ka hau."

"To keke matakala ne? Koma ka tambayo shi."

Injiniya ya juya. Da ya ga Tela sai ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa masa ƙafar keken. "Kawu, don girman Allah ka ajiye min wannan a shagonka. Ko kuka zai yi maka, kada ka ba shi."

"Tela," in ji tsohon, "in ka karɓi ƙafar nan, ka daina gaishe ni."

Tela ya karɓa. Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma a cikin shekarun nan an hana shi gaisuwa ya fi sau ɗari, a kan kaji, a kan magudanar ruwa, a kan ƙwallon ƙafa. Amma wannan karon da ya juya zai fita tsohon bai raka shi da zagi ba. Numfashin ne bai kai ba.

Wutsiya ake ce wa tsohon, unguwar gaba ɗaya, har jikokinsa in sun ga ba ya kusa. Ba zagi ba ne, muƙami ne. A Ƙungiyar Feda Bakwai, duk Lahadi in mahaya keke sun fita, akwai mutum ɗaya da ke zuwa ƙarshe, da famfo ɗaure a jikin kekensa da jakar kayan faci a kariya. Dokarsa biyu ce. Ba ya wuce kowa, ko da mutum ya sauka yana turawa ne. Kuma duk wanda kekensa ya lalace a hanya, Wutsiya ne zai gyara da hannunsa, mai keken ya koma gefe ya huta. Su kuwa na gaba, in sun isa rumfar mai shayin da ake yada zango, babu mai kai kofi baki sai Wutsiya ya iso ya ce, "Babu kowa a baya."

Tun ranar da aka kafa ƙungiyar shi ke riƙe da wurin nan. Su bakwai ne a lokacin, ma'aikatan masaƙa, waɗanda kamfani ya janye wa motar kai su aiki don sun yi yaji. Manaja ya zaci tafiyar kilomita goma sha biyu a ƙasa za ta karya su. Sai suka sayi kekuna na hannu, suka riƙa haɗuwa da sassafe suna tafiya a jere, in sun zo daidai tagar ofishinsa su kaɗa ƙararrawa gaba ɗaya don ya ƙara jin haushi. Masaƙar ta rufe tuntuni, siminti ake ajiyewa a ciki yanzu. Ƙungiyar kuwa tana nan daram, mutum sittin da ɗoriya, kuma Lahadi mai zuwa take cika shekara arba'in. A cikin bakwai ɗin farko, Wutsiya kaɗai ya rage.

Ran Laraba Sakataren ƙungiyar ya zo da takardu, wai zai karanta wa tsohon tarihin da ya rubuta don taron. Malamin makaranta ne, mai ladabi har ya yi yawa, kekensa irin wanda ake ɗagawa da yatsa biyu. Tela ma ya shigo, ya yi wa gidan sallama ba mai gidan ba, ya ja kujera ya zauna.

Sakatare ya gyara tabarau ya fara jero manyan ƙungiya. Guguwa, wanda ya ci tseren dogon zango sau uku a jere.

"Sau biyu na goyo shi a kariya yana amai," in ji Wutsiya. "Ci gaba."

Mai Agogo, wanda ya hau keke har bakin teku ya dawo cikin kwana goma sha tara.

"Har ya mutu bai iya faci ba, Allah ya jiƙansa. Ni na ɗaure masa tub huɗu a ƙarƙashin sirdi kafin ya tafi."

Nas, mace ta farko da ta shiga ƙungiyar, lokacin da mutane ke fitowa bakin titi don su yi mata ihu.

"Wannan kam jaruma ce. Ranar da aka jefe ta da dutse ko waiwaye ba ta yi ba. Na biyun a kafaɗata ya sauka." Ya tsaya ya ja numfashi. "To ni me ka rubuta?"

Sakatare ya duba takarda kamar yau ya fara ganinta. "Na ce ka yi wa ƙungiya hidima, Baba."

"Hidima. Mai shayi ma ai ya yi hidima."

"Shi ya sa kwamiti ya ga a karrama ka. A kawo ka a mota, ka zauna a kujerar gaba, a rataya maka lambar yabo."

"Wa zai zo a baya?"

"Mun yi magana da mai motar ɗaukar kaya. Duk wanda ya gaji sai a jefa kekensa a ciki."

Wutsiya ya dube shi har sai da Sakatare ya sunkuyar da kai. "Malam, mota ta san wanda ya gaji yake jin kunyar faɗi? Ta san wanda ya fito don a gida an ɓata masa rai? Ni daga yadda mutum ke taka feda nake gane abin da ke cikinsa. Ɗauki takardarka. Lambar kuma ka rataya wa direban."

Ran Asabar da la'asar Tela yana kan keken ɗinki sai ya ga inuwa a ƙofa. Wutsiya ne, ya biyo bango da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wandon ƙungiya mai ratsin ja a gefe. Daga ƙofarsa zuwa shagon taku ashirin ne, amma zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Bai yi gaisuwa ba, ya jefa wandon a kan teburin yanka.

"Rage min ƙugu."

Tela ya zagaya shi da tef. Inci biyar mutumin ya zube tun awon bara. Bai faɗi lambar ba, ya dai yi alama da alli ya fara farke ɗinkin. Ƙafar keken na nan rataye a ƙusa a bayan yadudduka, rabinta a waje. Wutsiya ya zauna a benci ya ba ta baya, kamar bai san da ita ba.

"A ina za ka sa wandon?" in ji Tela.

"A kan gado. Ba can kuka ce in zauna ba?"

Keken ɗinki ya yi ta ƙara. Sai can tsohon ya ce, a hankali, ba da muryar faɗa ba, "Na ji abin da likitan ya gaya wa yaron nan a bakin ƙofa. Sun zaci barci nake. Wata ɗaya, in ya yi yawa biyu. Tela, kwana goma sha ɗaya ke nan ina kallon silin. Na san duk inda ruwa ya taɓa zuba. Ana juya ni kamar jariri, ana ce min sannu. Ni ban ce ba zan mutu ba. Cewa na yi ba a kwance zan jira ta ba."

"In ka faɗi a hanya fa? Me zan ce wa ɗanka?"

"Ka ce masa kekena ne, ƙafata ce."

Tela ya ji tsoro, ya kuma ji haushi, don ya san an gama da shi. Ya ƙarasa ɗinkin, ya cije zaren, ya ninke wandon. Sannan ya miƙe ya sauko da ƙafar keken daga ƙusa ya ɗora wandon a kai.

"Ni zan kawo maka, kada ka ɗauka. Kuma gobe ina gabanka, ƙafata ƙafarka."

"Kullum ai kai ne a gabana," in ji Wutsiya. "Shekara ashirin ina kallon ƙeyarka, ko mace mai ciki ta fi ka sauri."

Washegari gari na wayewa suka isa dandalin da ake haɗuwa. Da mahaya suka hango tsohon a kan baƙin kekensa mai nauyi, famfo a ɗaure, sai surutu ya ɗauke. Sakatare ya taho da sauri zai yi magana, Nas ta riƙe masa hannu. Ta tsufa ita ma, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin hularta. Ta ƙare wa Wutsiya kallo irin na masu aikin asibiti, ta ga leɓensa da kumburin ƙafarsa, ta fahimci komai. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ku sallami mai motar nan. Wutsiyarmu ta zo."

Aka hura usur, aka tafi. Samari suka ɓace tun kafin a fita gari. Masu matsakaicin ƙarfi suka bi bayansu, sai tsofaffi, sai Tela, sai ƙarar sarƙar Wutsiya a bayansa, sannu a hankali amma ba ta yankewa.

Sun wuce tsohuwar masaƙa da kaɗan sarƙar ta yi shiru. Tela ya waiwaya. Wutsiya ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa a tsakiyar hanya, a bayansa kuma farar motar Injiniya ce ta tsaya. Ashe ya zo kawo magani ya tarar da ɗaki wayam.

Injiniya ya fito bai ko rufe ƙofa ba. Bai kalli ubansa ba, Tela ya nufa. "Kawu, amanar da na ba ka ke nan?"

"Da ni za ka yi magana," in ji Wutsiya. "Me kake yi a bayana?"

"Baba, shiga mota mu tafi gida."

"Ba ni shiga."

"To zan bi ka a hankali. Ba zan ce komai ba, in dai ina ganinka."

"Ba a bin bayana. Shekara arba'in babu wanda ya taɓa zama a bayana, ba kuwa za a fara yau ba, ba kuma da ɗan cikina ba. Ko ka wuce gaba ka jira ni wurin mai shayi kamar kowa, ko mu tsaya nan ni da kai har rana ta gasa mu."

Motoci suka taru a baya suna ta oda. Tsohon ko gezau. Injiniya ya dubi fuskar ubansa, ya ga taurin kan nan da ya tashi a cikinsa, wanda shi ma ya gada. Idonsa ya cika da hawaye, ya share da bayan hannu cikin fushi, ya koma mota. Da zai wuce ya sauke gilashi ya ce wa Tela, "In wani abu ya same shi, kai ne."

Saura kilomita uku a isa rumfar, kuma biyu daga ciki hawa ne. A gindin tudun Tela ya fara jin numfashin tsohon ya fi ƙarar sarƙar tashi, wani irin gurnani mai fito a ƙarshe. Ya san in ya ce a tsaya a huta, zagi zai sha, tsohon kuma ya ƙara taka feda don ya nuna masa. Sai dabara ta faɗo masa, dabarar da ya ɗauka ta mai hankali ce. Akwai wata kwana da bishiya ta kare. Ya ƙara sauri ya shige ta, ya yi wuf ya sauka, ya danna bawul ɗin tayar baya har iskar ta fice tas, ya tsaya yana dafe kai.

"Faci," ya ce da Wutsiya ya iso. "Zauna a inuwar nan ka sha iska, yanzu zan gyara."

"Ka gyara? Kai wa?"

A nan Tela ya gane abin da ya yi. Ya so ya ba mutumin hutu, sai ya ba shi aiki. Wutsiya ya riga ya jingine kekensa, ya kwance jaka, ya durƙusa a kan tsakuwa. Hannuwansa sun san hanya. Ya zare tub ɗin, ya ɗan ba shi iska, ya bi shi da kunne, ya bi shi da leɓe. Ya shafa yawu a bakin bawul ɗin ya zuba ido. Sannan ya ɗago kai.

"Tela. Shekara arba'in ina faci, ni za ka yi wa ƙarya da iska?"

"Numfashinka nake ji, wallahi tsoro ya kama ni. Kawo famfon in buga, ni na sace ta."

"Koma gefe."

"Don Allah, yau ɗaya dai."

"Yau ɗin ce ma ba za a karya ba. Mai keke gefe yake tsayawa."

Ya mayar da tub ɗin, ya maƙala famfo, ya fara bugawa. Tela ya tsaya yana kallon kafaɗun nan da suka zama ƙashi zalla suna hawa suna sauka. Ya miƙa hannu sau ɗaya, aka buge hannun. Bugu talatin tsohon ya tsaya ya jingina goshi da sirdi, ya ci gaba. Tela ya ce ta isa, wallahi ta isa. Wutsiya ya matsa tayar da babban yatsa, ya girgiza kai, ya ƙara ashirin. Da ya miƙe fuskarsa ta koma launin toka, amma idonsa na ƙyalli, har da ɗan murmushin mugunta.

"Hau. Kuma in ka ƙara waiwayowa sai na fasa maka ɗayar da gaske."

Tela bai waiwaya ba. Ya hau tudun da kunnensa a baya, yana sauraron sarƙar. Takan yi shiru har zuciyarsa ta tsinke, sai ta sake tashi. Hawaye na zubo masa yana shiga baki, bai saki kan keken ya share ba.

A rumfar mai shayi mutum sittin na tsaye. An zuba shayi tun sa'a guda da ta wuce, kofuna jere a kan tebur sun huce, babu wanda ya taɓa. Injiniya na bakin titi ya harɗe hannu a ƙirji. Tela ya iso ya sauka. Bayan kamar minti biyu baƙin keken ya ɓullo a kan tudu yana tangaɗi. Wasu samari suka zabura za su tare shi, Nas ta daka musu tsawa suka tsaya.

Wutsiya ya taka har gaban rumfar, ya ja birki, ya sa ƙafa a ƙasa. Ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da leɓe yadda ya saba, har da ɗansa. Sannan ya ce, da muryar da sai na kusa suka ji, "Babu kowa a baya."

Injiniya ne ya sauko da shi daga keken ya zaunar da shi a benci. Aka miƙa masa kofi, ya kurɓa ya yatsine fuska. "Wannan ai ruwan wanki ne. Haka kuka bar shi ya huce?" Aka yi dariya, kowa ya ɗauki nasa. Sakatare ya buɗe takardunsa ya fara karanta sunayen bakwai ɗin farko. Yana kan na huɗu Nas ta lura kofin ya karkata, shayin na zuba a kan wandon mai ratsin ja. Kan tsohon na jingine a kafaɗar ɗansa. Ta taɓa wuyansa, ta daɗe, sannan ta karɓe kofin ta ajiye.

Kwana huɗu Injiniya bai yi wa Tela magana ba. In sun haɗu a cikin masu gaisuwar rasuwar sai ya kau da kai. Tela kuwa bai buɗe shago ba, ba ya kuma iya cin abinci. Bai yi nadamar mayar da ƙafar keken ba, ko yau aka sake zai mayar. Bugu hamsin ɗin nan ne ke cinsa.

Rana ta biyar da hantsi yana zaune a ƙofar shago Injiniya ya zo ya tsaya a kansa.

"Kawu, me ya tsayar da ku a hanya? Na duba agogo. Kusan rabin sa'a."

Tela ya iya cewa hutawa suka yi, babu mai ƙaryata shi. Amma ya gaji da dabara. Ya faɗa masa duka, bawul ɗin, da yawun, da famfon, da hannun da aka buge masa. "Ni na jawo. In za ka riƙe ni, ka riƙe ni a kan wannan. Amma ban da fitarsa. Fitarsa ba ta hannunka, ba ta hannuna."

Injiniya ya ce, "Shi ya buga da kansa? Duka?"

"Ko taɓa famfon bai bar ni na yi ba."

"Ina keken naka?"

Yana cikin shago, jingine da teburin yanka, ƙurar hanya ba a ko goge ba. Injiniya ya shiga ya tsuguna a gefensa, bai damu da farin wandonsa ba. Ya sa babban yatsa ya matsa tayar baya. Ko alamar lotsawa ba ta yi ba.

"Haka yake cika ta," ya ce. "Kekena na makaranta ma haka yake yi masa, har gindina ya yi ciwo. In na yi ƙorafi ya ce taya mai laushi ta malalata ce."

Tela ya jawo benci kusa ya zauna. A waje wani na ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko an gama masa riga, babu wanda ya amsa. Injiniya na nan tsugune, tafin hannunsa a kan tayar.